Babi na Shida: Nauyin da Hannu Ba Ya Ji

A shekarar 1966 wani Ba'amurke mazaunin jihar Misuri mai suna Holless Wilbur Allen ya nemi takardar mallakar wata ƙirƙira da manyan masu ƙera baka na lokacin ba su yi rububinta ba. Zarto ya sa ya datse bakin rassan baka, ya ɗaura gargare a kowane ƙarshe, ya zagaya igiya ta kansu. An ba shi takardar a watan Disamba na 1969, Tom Jennings na Kalifoniya ya karɓi lasisi ya shiga ƙerawa. Yau wannan baka mai gargare shi ne a hannun mafi yawan masu farauta da kibiya a Amurka. Tun 1995 yake cikin gasar duniya, kuma an amince a sa shi a wasannin Olamfik na Los Anjalis a 2028.

Dabarar Allen tana wurin ƙusar da gargaren ke juyawa a kanta. Ba a tsakiya take ba, an gusa ta gefe. Duk wanda ya taɓa ɗana bakan gargajiya ya san halinsa: gwargwadon ja, gwargwadon nauyi, kuma daidai lokacin da tsarkiya ta iso fuska, lokacin da mutum ke son ya natsu ya yi saiti, a nan bakan ya fi gallaza masa. Baka mai gargare ya kifar da wannan tsari. Nauyin yakan kai ƙarshensa tun a farkon ja, ya ɗore a haka, sai dab da fuska gargaren ya wuntsila, nauyin ya faɗi warwas. Bakan farauta mai nauyin ja fam 70, wato kusan kilo 32, idan yana sauke kashi 80 cikin ɗari, abin da zai rage a yatsun maharbi fam 14 ne kacal, kilo shida da ɗan ɗoriya. Yaro ma zai riƙe.

To amma ragowar nauyin ba sama ya tashi ba. A daidai wannan lokaci da hannu ke hutawa, rassan bakan sun kai iyakar lanƙwasarsu, igiyoyin da ke tsakanin gargare biyun kuma suna ɗauke da ninkin baninkin abin da maharbi ya ja. Hannu yana jin kilo shida, sai zuciya ta yarda da hannu. A ganina rabin ɓarnar da ake yi wa wannan baka, da rabin raunin da yake yi wa masu shi, daga wannan yarda suke fitowa.

Ga lissafin abin da ke ɗaure a ciki. Ma'aunin da kamfanoni ke tallata gudun bakansu da shi shi ne nauyin ja fam 70, tsawon ja inci 30, kibiya mai giren 350, wato giram 23 ba kaɗan. Bakan zamani yana cilla irin wannan kibiya da gudun mita ɗari ko fiye a daƙiƙa guda. Abin da kibiyar ke tafiya da shi ya haura jul 110, kuma kusan kashi huɗu ne cikin biyar na abin da rassan suka tara. Sauran kason yana ƙarewa a ƙara da girgiza. An ƙera bakan ya shanye wannan ɗan kason, harbi bayan harbi, shekara da shekaru. Ba a ƙera shi ya shanye duka ba.

Su rassan ba itace ba ne. Zaren gilashi ne siriri, dubbai, an jera su a tsaye an jiƙa su da gam mai ƙarfi, an gasa, sannan an yanka an fere. Kamfanoni da dama ba su ma yin wannan kayan da kansu, sarowa suke daga Gordon Composites da ke jihar Kolarado. Wasu rassan gunduma guda ne, wasu kuma falle-falle ne aka manne. Akwai reshe mai faɗi guda ɗaya da aka tsaga bakinsa don gargare ya zauna, akwai kuma wanda aka yi shi sanda biyu siriri a jere. Idan aka ja baka, fuskar reshen da ke kallon abin hari miƙewa take, wadda ke kallon maharbi kuma tana matsewa. Tun kafin a taɓa tsarkiya ma a tanƙware suke, domin bakan zamani ana ɗaure rassansa da matsi mai yawa tun daga masana'anta, kuma ba a kwance masa tsarkiya bayan harbi yadda ake yi wa na gargajiya. A haka yake kwana, a haka yake tashi.

Babban mai kashe reshe shi ne sakin wofi, wato a ja tsarkiya a sake ta babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya rasa hanya, ya koma kan gargare da ƙusoshinsa da igiyoyi da rassa. Ƙarar kaɗai takan sa duk wanda ke filin ya waigo. Wani lokaci tsarkiya ta tsinke ta zabgi hannu, wani lokaci gargare ya lauye, wani lokaci kuma a duba a ga kamar ba abin da ya faru. Wannan na ƙarshen ya fi ban tsoro, don tsagar tana iya kasancewa a ciki, ta jira wata ɗaya ko biyu. Kamfanin Hoyt na jihar Yuta yana alfahari da cewa sabon samfurinsa ba ya fita kasuwa sai ya jure sakin wofi sau 1,500 a ɗakin gwaji. Madalla. Amma takardun garantin da kamfanonin baka ke bayarwa galibi sun cire sakin wofi daga abin da suke biya, kuma mai gyara yana gane alamarsa da kallo ɗaya, komai rantsuwar mai bakan.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, sakin wofi ba sai an manta kibiya ba. Tsagar robar da ke gindin kibiya, wadda ke kama tsarkiya, idan ta sami rauni sai ta fashe a lokacin saki, tsarkiya ta wuce ta bar kibiyar a nan. Kuma gwanintar bakan ce ke jawo wannan, domin yana jera kibau wuri ɗaya har ta baya ta riƙa dukan gindin ta gaba. Dalili ke nan da ya sa a gasar cikin ɗaki ake ba kowa takarda mai da'ira uku, kibiya ɗaya a kowace. Kibiya mara nauyi ma rabin sakin wofi ce. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada ta gaza giren biyar ga kowane fam na nauyin ja, amma masu kwaɗayin gudu ba sa jin kira. Sai kuma baƙo: aboki ya zo ya ga baka a rataye, ya ɗauka ya ja da yatsu don ya ji ƙarfinsa. Yana jin nauyi ya faɗi sai ya saki jiki, yana ɗan sassautawa gargaren ya fizge tsarkiyar daga hannunsa. Ko bai saki ba, yatsu na murɗa tsarkiya, ta goce daga kwarmin gargare. Maharban da suka daɗe a harkar ba sa miƙa wa kowa bakansu ba tare da sun tsaya a kansa ba, kuma ba rowa ce ke sa su ba.

Zafi ma na cin reshe, a hankali. Motar da aka kulle a rana cikinta kan haura digiri 60, gam ɗin da ke riƙe da zaren gilashin ya fara laushi alhali reshen yana cikin matsi. Idan masu harbi a Turai na gargaɗin juna kan wannan, wanda ya shigo da irin wannan baka Sakkwato ko Maiduguri ya ajiye shi a but a watan Afrilu sai ya yi kuka da kansa. Haka na'urar matse baka da ake amfani da ita wajen sauya tsarkiya: tsohuwar ƙira tana danna reshe a tsakiya, alhali rassan yanzu da suka kwanta sosai a bakinsu ake kama su. Ga kuma noti biyu da ake sassautawa don rage nauyin ja. Kowane kamfani ya faɗi iyakar juyin da za a yi musu. Wanda ya wuce, notin na iya fita daga mazauninsa da reshe gaba ɗaya.

Ba a ce kamfanoni ba sa laifi ba. A 2008 Bowtech, wanda ke garin Yujin a jihar Oregon, ya janye dubban bakansa samfurin General tare da hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, saboda bakin rassan na karyewa ana cikin harbi, gutsattsari su yo kan maharbi. Irin wannan aibi na masana'anta yana da halinsa: yakan bayyana da wuri, a wuri iri ɗaya, a hannun mutane da yawa da ba su san juna ba. Reshen da ya yi shekara biyar lafiya lau sannan ya tsage, kafin a zagi kamfani ya kamata a tambayi inda ya kwana da wanda ya ja shi.

Duba reshe ba ya buƙatar kayan aiki. Ɗan ƙullin auduga ya isa. A riƙe bakan a wurin haske, a bi gefen kowane reshe da audugar a hankali, daga inda ya shiga mazauninsa a gangar baka har zuwa ramin ƙusar gargare, a dawo ta ɗaya gefen. Reshe mai lafiya sumul yake, audugar za ta wuce ba ta bar komai ba. Inda zare ya ɗago, ko da ido bai gan shi ba, sai ka ga farin gashi ya maƙale yana lilo. A nan ake tsayawa. Sau da yawa za a tarar da ɗan siririn sili ya ɗago daga gefe kamar ɓawon rake, idan aka ja shi ya bi tsawon reshen yana yagewa. Wuraren da aka fi zura wa ido su ne kewayen ramin ƙusa, da gindin tsagar da gargare ke zama, da inda reshe ke dogara a mazauninsa. Farin layi da ya ratsa fenti a kwance, ko wani sabon ƙas-ƙas da ake ji yayin ja, ko kibau da suka fara sauka ƙasa ba dalili, duk saƙo ne. Wasu kan goge ƙaramin sili da sanfefa su ɗiga gam su ci gaba. Ni ban ga ribar wannan caca ba, tunda reshen tazarar hannu ɗaya ce tsakaninsa da ido. Idan za a sauya kuwa, duka ake sauyawa, saboda masana'anta na auna taurin kowane reshe ta haɗa masu lamba ɗaya.

Sauƙin riƙewar nan ya haifar da wata matsala ta daban, wannan karon a cikin kan maharbi. Da yake bakan gajere ne, tsarkiyarsa na yin kusurwa mai tsini a cikakken ja, tana matse yatsu. Shi ya sa kusan kowa ya koma ja da ƙugiyar saki, wadda ke kama wani ɗan madauki da aka ƙulla a jikin tsarkiya. Mafi yaɗuwa ita ce wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai kunama irin ta bindiga da ake taɓawa da manuniya. Akwai kuma ta riƙewa a tafin hannu da ake dannawa da babban yatsa. Duka biyun suna da daɗin koyo. Mutum ya ja, ya huta, ya leƙa ta madubin saiti mai ƙara girma, ya ga ɗigonsa yana yawo a kan rawayar tsakiya. A gasar waje tazarar mita 50 ce, da'irar maki goma faɗinta santimita 8. A cikin ɗaki mita 18 ce, goman masu baka mai gargare kuma santimita 2. Babu ɗan Adam da ɗigonsa ke tsayawa cak a kan wannan. Yawo yake, ya shiga ya fita.

Sai ƙwaƙwalwa ta fara wayo. Ta ce: yana shiga ka danna. Kwana kaɗan abin na aiki. Amma jiki ya riga ya san cewa danna kunama na zuwa da fizga da ƙara, don haka sai ya fara shirin tarbarsu tun kafin yatsa ya motsa: kafaɗa ta ɗaure, hannun baka ya zabura, ido ya ƙifta. Daga nan ciwon ke girma. Wani ɗigonsa zai maƙale ƙasa da rawaya, ya yi ta turawa ya ƙi hawa. Wani ko saiti bai gama ba yatsa ya riga ya fyaɗa. Maharba na kiran wannan fargabar saiti, kuma ba ta barin gwanaye. Mike Schloesser na ƙasar Holan, wanda ya fara cin maki 600 cif cikin 600 a gasar cikin ɗaki a birnin Nim na Faransa a 2015, ya sha faɗa a fili cewa yana fama da ita.

Maganin da aka fi komawa gare shi ƙugiya ce wadda ba ta da kunama sam, wadda ake kira hinji. Ana danganta ta da Mel Stanislawski tun farkon shekarun 1970, kuma har yau ana ƙera ta da sunan Stan, ban da irin na Carter da Scott da T.R.U. Ball. Idan ka ɗora ta a tafin hannu za ka raina ta. Mariƙi ne na tagulla ko alminiyam mai gurbin yatsu biyu, uku ko huɗu. A samansa akwai ɗan kai mai lilo a kan fil, a jikin kan akwai ƙugiyar da ke kama madauki. Wutsiyar ƙugiyar tana zaune a kan wani ƙaramin ƙarfe mai siffar rabin wata. Muddin wutsiyar na kan doron rabin watan, ƙugiya a kulle take. Idan mariƙin ya juya, nauyi ya tashi daga ɓangaren manuniya ya koma ɓangaren ƙaramin yatsa, sai wutsiyar ta riƙa zamewa tana kusantar gefe, har ta faɗa. Tana faɗawa ƙugiya ta buɗe, kibiya ta tafi. Wani rabin watan an yi masa ɗan tsagi dab da gefe, wutsiya na isowa sai a ji "ƙas", alamar saura ƙiris. Akwai ɗan noti da ake gusa rabin watan da shi. Idan juyi kaɗan ya isa ta tashi, maharba su ce ta yi zafi. Idan sai an yi tafiya mai nisa, su ce tana da sanyi.

Amfaninta shi ne babu wani lokaci guda da za a ce "yanzu". Maharbi ya kai fuska, ya ɗora ɗigo, ya bar shi ya yi yawonsa, ya ci gaba da ja da naman bayansa, allon kafaɗa na matsawa wajen ƙashin baya, gwiwar hannu na komawa baya. Kibiyar takan tashi a cikin wannan motsi ba tare da ya san takamaiman daƙiƙar ba, don haka jiki bai sami damar zabura ba sai bayan ta bar baka. Abin mamaki, ɗigon da ke yawo yakan ba da maki fiye da wanda ake farauta.

Kuɗin makarantar hinji kuwa da leɓe ake biya. Ana jan ta ne da manuniya da babban yatsa, shi kuma yana kan ɗan turken da aka yi masa a jikin mariƙin, sauran yatsun a sake, don kada mariƙin ya juya. Sabon shiga da ya damƙe ta da dukan yatsunsa yadda ya saba damƙe komai, yana tsakiyar ja, daidai inda nauyin ya kai fam 60 da dokar hukumar harbin kibiya ta duniya, World Archery, ta ƙayyade wa masu gasa, sai ta buɗe. Kilo 27 da yake ja ya ɓace nan take, dunƙulen hannunsa da tagullar da ke ciki su sauka a bakinsa. Kibiyar kuma ta tafi inda bakan ke kallo, shi ya sa dokar gasa ta hana ɗaga baka sama yayin ja. Saboda haka ake fara koyo da igiya kawai, a ƙulla ta daidai tsawon jan mutum, a rataya a hannun hagu, a sa ƙugiyar a kan sanyi sosai. Bayan hannu ya gane, a koma baka na gaske a tsaya taku kaɗan daga allon da ba a manna masa takarda ba, a yi makonni ana harbi ba a neman maki. Akwai samfuran da aka yi wa makulli, irin su Honey na Carter da Sweet Spot na T.R.U. Ball, waɗanda ba sa tashi sai an kai fuska an cire makullin. Wanda ya ƙosa, ya ce bari ya gwada sabuwar hinji da bakansa a ɗaki babu kibiya, "ai ba zan saki ba", shi ne gobe za a gani wurin mai gyara da lauyayyen gargare.

Wuri mafi haɗari shi ne fasa harbi. Ɗigo ya ƙi zama, ko numfashi ya ƙare, maharbi ya yanke shawarar mayar da tsarkiya. A lokacin wutsiyar ƙugiya ta riga ta yi rabin tafiya, wataƙila ma an ji ƙas. Yana ɗan matsawa gaba, gargare ya wuntsilo, nauyi ya tashi daga kilo takwas zuwa ashirin da bakwai cikin tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Idan bai fara mayar da babban yatsa kan turke ba, ya juyo da mariƙin baya, ya ɗora nauyin a manuniya, fizgar kaɗai ta isa ta buɗe ƙugiyar. In kuma kibiyar ta riga ta zame daga tsarkiya a wannan kai-komon, to an yi sakin wofi. Masu koyarwa na ƙwarai suna sa ɗalibi ya maimaita fasa harbi kamar yadda yake maimaita harbin kansa, bakan na kallon allo har tsarkiya ta koma mazauninta.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa kan ko naman baya kaɗai ke juya hinji. Littattafan koyarwa na da sun ce hannu ya zama ƙugiya mara rai, baya ya yi aikin duka. Gwanaye da yawa sun yarda cewa ba haka suke yi ba: wani yana sassauta manuniya a hankali, wani yana barin tafin hannu ya miƙe, wani yana ƙara matsa yatsan zobe. Na fi karkata gare su. Bakan zamani yana da katanga mai tauri a ƙarshen ja, wadda ba ta ba da ko santimita ɗaya, saboda haka dole juyin ya fito daga wani wuri a hannu. Abin da ake nema shi ne motsin ya zama mai santsi, mai ɗorewa, kuma kada ido ya ba shi umarni. Wanda ya koyi fizgar hinji da zarar ɗigo ya shiga rawaya ya dawo da tsohon ciwonsa ne da sabon ƙarfe, kuma ƙas ɗin nan da aka yi don taimako yakan zama sabon abin firgita ga wasu, har su juya rabin watan zuwa gefen da ba shi da tsagi.

Hinji ba ta dace da kowane wuri ba. A karawar kusa da ƙarshe ta World Archery daƙiƙa 20 ake ba kowace kibiya, kuma idan iska na kaɗawa tana ɗan lafawa, maharbi na son kibiyarsa ta tashi a cikin lafawar, ba lokacin da ƙugiya ta ga dama ba. Haka mai farauta da barewa ta tsaya masa na ƙiftawar ido. Akwai ma waɗanda ke danna kunama da gangan, ido buɗe, suna cin kofi: James Lutz na Amurka ya zama zakaran duniya a 2019 da wannan salo, Kyle Douglas kuma ya lashe gasar Las Begas a 2020 da 2021. Su ƙalilan ne da jijiyoyinsu suka jure abin da ke rushe yawancin mutane. Masu gasa da yawa sun zaɓi tsaka-tsaki: hinji a wurin atisaye da cikin ɗaki, ta babban yatsa a jakar kwari don ranar iska, kuma sukan nemi biyun masu mariƙi iri ɗaya don kada wurin da hannu ke zama a muƙamuƙi ya sauya.